Tsakar Gida Ta Dawo Da Tsada

Bayan sallar isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gidan Baba, tsohon maginin unguwarmu, sai ga mai gyaran wutarmu ya iso da labari. Sati uku ya yi yana jan waya a sabon gidan wani Alhaji a Nasarawa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Wallahi Baba, ban taɓa ganin irinsa ba. Bangon falo guda gilashi ne tun daga ƙasa har silin. Tura shi ake yi ya shige gefe, sai falo da lambu su zama abu ɗaya. Tayil ɗin ciki shi ne a waje, ko dokin ƙofa babu. Ga rumfar katako da kujerun kushin, ga wurin gashin nama, ga ruwa yana gangarowa a jikin bango. Saman benen ma an bar shi fili an kewaye, wai wurin shan iska."

Baba ya gyara zama ya ce, "Ɗan nan, ai tsakar gida ka gano. Ta fita yawo ne, ta dawo da tsada."

Aka yi dariya, amma kowa ya san gaskiya ya faɗa. Mu da muka tashi a cikin birni, ɗaki wurin kwana ne da ajiyar kaya, rayuwa kuwa a tsakar gida ake yin ta. Can turmi yake, can murhu, can igiyar shanya, can randa a gindin bishiya. Idan bazara ta kankama, watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, da yamma a yayyafa wa ƙasa ruwa, a baza tabarmi, samari su hau saman soro su kwana. Ko Gidan Rumfa, da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina a ƙarni na 15, ba ɗakuna ne zalla ba. Akwai filaye a ciki da kurmin bishiyoyi da ake kira sheka.

To me muka yi da namu? Malamin firamaren da ke cikinmu ya lissafa mana da yatsu. Mu sayi fuloti ƙafa 50 da 50, mu cika shi da ɗakuna, mu fitar da shago biyu a gaba don haya. Ɗan abin da ya rage mu malale shi da siminti, mu sare darbejiya wai saiwarta za ta fasa gini, wani ma ya rufe sararin da kwano don kada ruwa ya shigo. Rana ta wuni tana dukan bulo da siminti, dare ya yi su amayar da zafin. Da an ɗauke wuta sai ka ga magidanta a bakin titi suna fifita, mata da yara kuwa suna ciki ba inda za su. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin su muka fi ƙwara.

Na tambayi Baba ko shi zai yi wa mutum bangon gilashi. Ya ce zai yi, amma sai ya fara duba inda ya fuskanta. "Ka sa shi yamma, daga azahar zuwa magariba ka gina tanda, esi biyu ba za su ishe ka ba. Ka sa shi gabas babu rumfa, hadarin damina daga can yake tasowa. Ga hunturu yana tafe da ƙurarsa tun Nuwamba, ga sauro da almuru. Gilashi sai da baranda mai faɗi da za ta yi masa inuwa, da raga, da bishiya a gabansa." Ya ce iyayen gidansa da suka koya masa aiki da tubali da azarar giginya suke gini, su shafe da makuba daga kwasfar ɗorawa, bango mai kauri, taga ƙarama. Rana ba ta gama ratsa bangon sai dare ya yi, lokacin kuwa kowa yana waje a kan tabarma.

Malam ya ce ai maƙwabtanmu sun riga sun waiwaya. A Yamai, Mariam Kamara da abokan aikinta sun yi gidajen zamani da bulon ƙasa da ake matsewa a inji, waɗanda aka sa wa suna Niamey 2000, da fili da wurin zama a sama. A Dandaji kuma sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi, aka gama a 2018. Ya ce mai kuɗi ne ake kwaikwayo, idan manyan gidajen Nasarawa da Maitama suka girmama tsakar gida, gobe mai ƙaramin ƙarfi ba zai ji kunyar barin tasa ba.

Washegari na kai wa Inna labarin tana tankaɗe. Tambaya ɗaya ta yi: "Wanda ya shigo daga waje yana hango mutanen gidan?" Na ce mai gyaran wuta ya ce daga get ana ganin falon. Ta girgiza kai. "To labule za su saki har abada. Mu zaure ne ya ba mu tsakar gida. Baƙo ya tsaya can, sai shigifa, sai kwana, sannan mu. Shi ya sa nake zama da ɗaurin ƙirji ina aikina, a yi suna a nan, a yi kamu a nan. Fili ba sutura ai titi ne." Duk hirar daren jiya babu wanda ya kawo wannan, alhali shi ne ginshiƙin maganar.

Ƙanena ya sayi fili a Rijiyar Zaki, yana shirin fara gini bayan damina. Daren nan ya zo da takardar zanen ya shimfiɗa wa Baba a ƙarƙashin fitila, ɗaki huɗu da falo biyu. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a tsakiya.

"Cire ɗaki ɗaya. Ranar da za mu kafa turaku, nan za mu fara aunawa, ɗakuna su biyo baya. Ka zo da dashen mangwaro, kafin a yi rufi ya kama ƙasa."