Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jan Biro

Zuwa ga Mai Girma Jan Biro,
Alƙalin Littattafan 'Yan Makaranta,
Ta hannun Aljihun Teburin Malamai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, tawada na gudana, murfi bai ɓata ba. Ya aiki, ya fama da yara? Allah ya ƙara girma. Na rubuto ne a madadin iyaye 'yan Arewa mazauna Kudu: fataken shanu na Garkin Enugu da Ugwuoba, masu kayan gwari na bakin gadar Anacha, da mahautan Fatakwal. Mun san ba ka amsa wasiƙa, domin kai rubutu kaɗai ka iya, karatu ba aikinka ba ne. Duk da haka ga kokenmu.

Na farko, ranka ya daɗe, rowar magana ta yi maka yawa. Yaro ya kwana yana aikin gida, kai kuma ka zabga masa gicciye, ka rubuta uku bisa goma, ka kewaye, ka wuce. Ina ya kuskure? Yaran nan da Hausa suke tashi a gida, su yi buroka a layi, su ji Ibo a kasuwa, sannan a yi musu tambayar lissafi da Turancin littafi. Wani lissafin ya iya, tambayar ce bai gane ba. Wani ya gane tambayar, lissafin ne ya kayar da shi. Kai duk gicciye ɗaya kake musu. In ka ga dama ka ƙara da “ka ƙara ƙoƙari”. A wane wuri? Uban da ke lissafin kuɗin tirelar albasa da ka, ya juya littafin sama da ƙasa, bai samu abin da zai ce wa ɗansa ba sai faɗa.

Na biyu, ka yi kunnen ƙashi da maganar masana. A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan suka tace bincike kimanin 250 kan gwaji a cikin aji. Abin da suka gano shi ne, idan ana nuna wa ɗalibi inda ya kuskure da yadda zai gyara tun ana cikin karatu, sakamako na tashi sosai, kuma yaran da ke baya su suka fi amfana. Kafin su, a 1988, Ruth Butler ta raba 'yan firamare a Isra'ila gida uku: wasu maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu duka biyun. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa, makin ya janye musu ido, sharhin ya tashi a banza. Daga baya John Hattie da Helen Timperley, a 2007, suka ce gyara mai amfani sai ya amsa wa yaro abu uku: ina ya dosa, ina yake yanzu, me zai yi gaba. An ambaci waɗannan ayyuka sau dubbai a mujallun ilimi, sunayen masu su sun cika kundayen digiri a jami'o'inmu. Abin takaici, kai ne ka duba kundayen nan. Ka bi su shafi-shafi, ka ba su maki, ka koma aji ka ci gaba da halinka.

Na uku, ka yi wa doka wayo. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta kawo gwajin bi-da-bi, don kada makomar yaro ta rataya a kan jarrabawa ɗaya, kuma don malami ya gano rauni da wuri. Da abin ya zo hannunka, sai ka mayar da shi ƙananan jarrabawoyi, ka tara lambobi a gidajen katin sakamako, ka fitar da na ɗaya da na ƙarshe. Littafin gwajin ma sau da yawa ba ya dawowa sai ana shirin hutu, lokacin da gyara ba shi da sauran amfani.

Na huɗu, ka leƙa makarantar allo da yaran ke zuwa da yamma, ko za ka ji kunya. Yaro na biyawa, malam na saurare. Da ya karkace wasali, nan take a tsayar da shi a gyara, ya sake. Ba a wanke allo, ba a yi masa ƙari, sai na jiya ya zauna. Babu uku bisa goma, amma kowane yaro ya san ainihin inda harshensa ke tuntuɓe. Malamin bai taɓa jin sunan Wiliam ba.

Kada ka laɓe bayan malama. Mun san aji ya cika, albashi bai taka kara ya karya ba, littattafai tuli guda. Shi ya sa ba mu nemi shafi ba. Layi ɗaya muke roƙo: ga kuskuren, ga hanyar gyara. A mayar da littafi cikin makon, a ba yaro lokaci ya sake aikin kafin a wuce. In kuskure ɗaya rabin aji suka yi, a rufe ka a aljihu, a ɗauki alli a koma allo.

Mu ba baƙi ba ne a nan. Malam Umaru Altine, Basakkwace, shi ne magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Yaranmu a nan za su zauna WAEC da NECO da JAMB, kafaɗa da kafaɗa da 'ya'yan maƙwabta, kuma kuɗin makaranta da gumi muke biyansa. Mun yi haƙuri, amma tura ta kai bango. Daga wannan zangon, duk littafin da ya dawo da maki babu bayani, za mu riƙo shi da hannunmu zuwa taron iyaye da malamai. Iyaye, ku riƙa buɗe littattafan 'ya'yanku, ku tambayi abin da gicciyen yake nufi.

Wassalam. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya, iya gwargwado,
Wani uba daga Garkin Enugu.