Dattawan da Zoben Yara Ya Hana Barci

A Amurka ta shekarun 1930 da 1940, kafin talabijin ya mamaye gidaje, masu sayar da kayan karin kumallo sun gano cewa ta kunnen yaro ake shiga jakar uwarsa. Ovaltine, wannan dai da ake kaɗawa a shayi, shi ya ɗauki nauyin wasan rediyo na Little Orphan Annie, Wheaties ya riƙe Jack Armstrong, Ralston ya riƙe Tom Mix. Yaro zai yanko murfin kwali, ya haɗa da 'yan kwabbai ya aika ta gidan waya, bayan makonni a kawo masa zobe ko bajo. Wasannin sun daɗe da mutuwa, amma tarkacen ya tara jama'arsa, kowa da irin tasa cutar.

Akwai mai ramuwar gayya. Yana ɗan shekara takwas uwarsa ta yi shara ta haɗa da zobensa, har yau bai huce ba. Ga furfura, ga kuɗin fansho, kullum yana wajen gwanjo. Abin ƙaunarsa shi ne zoben bam na Lone Ranger da Kix, wani kayan karin kumallo, ya raba a 1947 kan senti 15 da murfin kwali ɗaya. A cikinsa akwai ɗan ɗigon sinadarin polonium: yaro ya shiga ɗaki mai duhu, ya jira idonsa ya saba, ya zare jan murfin, ya leƙa ya ga tartsatsi na wulgawa. Sai dai duk kwana 138 rabin ƙarfin sinadarin ke tafiya, wato tun yaron bai fara gemu ba zoben ya mutu murus. Wannan bai hana dattijon kashe fitila ya manna ido ba, har ya rantse ya ga wani abu ya gifta.

Sai malam gyara. Wani ya kuskura ya ce Annie ta raba zoben warware saƙon sirri, zai yi wuf ya tare numfashinsa: bajo ne da ake maƙalawa a riga, daga 1935 zuwa 1940. Ba a tambaye shi ba zai ƙara da cewa Tom Mix na gaskiya bai taɓa yin magana a shirin da ke ɗauke da sunansa ba. Abin haushin, duk gaskiya yake faɗa.

Mai ambulan kuwa zoben bai dame shi ba. Takardar bayani da ambulan ɗin da aka aiko kayan yake nema, domin su yara suka fara yagawa.

Maƙwabcinsa mai kurkuku ne. Ya sayi abin wasa, ya aika wa kamfanin tantancewa, a ba shi maki, a rufe cikin akwatin roba garai-garai. Jika ya miƙo hannu, kaka ya daka tsawa.

Manyan 'yan harkar su ne mafarautan samfurin gwaji, abin wasan da bai taɓa shiga kanti ba. A 1979 kamfanin Kenner na Cincinnati ya yi wa yara alkawarin Boba Fett na Star Wars mai harba roka daga bayansa, shi ma ta gidan waya. Da wani yaro ya mutu bayan ƙaramar rokar wani abin wasan Mattel ta shaƙe shi, Kenner ya liƙe tasa rokar, samfuran da ke harbi suka maƙale a hannun ma'aikata. Mafarauci ya san bambancin samfuri mai tsaga irin harafin L da mai tsaga irin harafin J ko a mafarki. Yana bin tsofaffin ma'aikatan Kenner da doguwar gaisuwa, ya tambayi ƙafa, ya tambayi jikoki, idonsa na kan kwalayen gareji. A watan Agustan 2024 gidan gwanjon Goldin ya sayar da ɗaya kan sama da dala miliyan 1.3, shi ya sa tsoron jabu ke hana mafarauci runtsawa.

Wannan labarin miliyan shi ke haifar da magaji. Bai taɓa kula kayan baba ba sai da aka yi rasuwa. Ya loda akwati a mota ya nufi gidan gwanjon Hake's a garin York na jihar Pennsylvania, yana lissafin gidan da zai saya. Can a gaya masa zoben Kix an buga shi da yawan gaske, kuɗinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan dala ba. Sannan a tambaye shi ko akwai ambulan, ya tuna da shi ya hura gawayin gashin nama a makon jiya.