Wasiƙa Zuwa ga Baba Windows XP, Ɗan Haya a Cikin Kwamfutata

Daga shagon buga takardu,
Bakin tasha, Ƙanƙara.

Ranka ya daɗe Baba,

Ina fata ɗakin bai yi maka ƙunci ba. Na san megabayit 512 kaɗai na yanka maka, amma ka tuna lokacin da aka haife ka a watan Oktoban 2001, iyayenka na Microsoft cewa suka yi ko a 64 za ka rayu, in ka sami 128 kuwa har ƙafa ka miƙe. Don haka ba na son jin ƙorafi.

Dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne, na lura har yau ba ka san inda kake ba. Duk sanda na tashe ka sai ka saki kiɗan nan naka, ka shimfiɗa koren tudu da shuɗiyar samaniya, kana wani hura hanci kai ga mai gida. Tudun nan ma wani Charles O'Rear ne ya ɗauki hotonsa a Kalifoniya, ko da yake yaran shago sun rantse bayan Daudawa ne a tsakiyar damina, ni kuwa na bar su a haka. To Baba, gara ka ji daga bakina: gidan nan na Linux Mint ne. Kai kana cikin wata manhaja da ake kira VirtualBox, wadda aikinta gina kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. Wasu Jamusawa na kamfanin Innotek suka fara ta, Sun ta saye su a 2008, Oracle kuma ta gaji Sun a 2010. Faifan ajiyar da kake tinƙaho da shi fayil ne ƙwaya ɗaya a cikin folda. Duk duniyar da kake gani taga ce, in na ga dama in naɗe ta in ci gaba da wani aikin.

Kada ranka ya ɓaci, ba kai kaɗai aka sallama ba. Kai an ba ka takardar ritaya ranar 8 ga Afrilu, 2014. Ƙaninka Windows 7, wanda ya taɓa ware maka ɗaki irin wannan da sunan XP Mode, ya bi bayanka a Janairun 2020. Shi ma na 10 ɗin an daina kula da shi tun 14 ga Oktoba, 2025. Autanku na 11 kuwa ɗan gayu ne: ba ya shiga kwamfutar da ba ta da wani guntu mai suna TPM 2.0 da injin zamani, laftop ɗina kuma tokumbo ce, ta ga jiya ta ga yau. Shi ya sa na ba Linux makullin gida.

Sai dai akwai Hajiya, wato tsohuwar firintar da ke kan teburin nan. Saboda ita kaɗai kake cin abinci a nan, kuma ya kamata ka san dalili. Firintoci iri biyu ne. Akwai masu kai, waɗanda za a miƙa musu shafi a harshen da kowa ya sani, irin PCL ko PostScript, su fahimta da kansu su buga. Akwai kuma irin Hajiya, da aka ƙera da araha aka bar kanta fayau. Duk lissafin inda kowane ɗigon baƙi zai sauka a takarda, direban da ke cikin kwamfuta, wato manhajar sarrafa firinta, shi ke yi, ita tata kawai ta jawo takarda ta gasa mata tona. Kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta direban don masu bit 32 irinka, daga nan ya kama gabansa. Da duniya ta koma bit 64, sai aka wayi gari babu mai jin yarenta a faɗin Ƙanƙara sai kai. Matsayinka ke nan, Baba: tafinta. In ɗalibi ya turo takardarsa ta WhatsApp, Linux ke karɓa, in mayar da ita PDF, in ajiye a foldar da kuke tarayya, kai ka ɗauka ka raɗa wa Hajiya a kunne, takarda ta fito da ɗuminta.

Za ka ce me ya hana ni sayen sabuwa in huta. Tun da aka saki naira a 2023 ka taɓa tambayar farashin firinta a Funtuwa, balle a Beirut Road ta Kano? Ban da haka, katirij ɗin Hajiya kowane yaro mai gyara zai buɗe shi ya ɗura tona ya rufe. Sababbin da yawa an liƙa wa katirij ɗinsu wani ɗan guntu da ke ƙirga shafi, in an ɗura musu tona ta gefe su murtuke fuska su ƙi aiki. Na'urar da ke fitar da silif ɗin JAMB da na NIN da takardar neman aiki tsaf, babu zane babu dishi, ban ga laifin da ta yi da zan jefar da ita don kawai manhaja ta sauya ba.

Yanzu ga dokokin haya, tunda ban taɓa karanta maka su ba.

Wayar USB ba a riƙe ta da hannu biyu. Ko dai tana hannunka ko tana hannun mai gida. Na saka matata a VirtualBox da lambar kamfani da lambar samfurin Hajiya, don da zarar an jona ta a miƙo maka ita kai tsaye. Kafin hakan ta yiwu sai da aka sa sunana a rukunin vboxusers, aka kuma shiga BIOS aka kunna VT-x. Ina gaya maka ne don ka san an sha wahala a kanka. Abin da nake roƙo shi ne, in an ɗauke wuta ta mutu, aka ta da janareta ta dawo, ka daina leƙowa da mamaki kana shelar ka ga sabuwar na'ura. Hajiya ce dai, wadda kuka rabu minti biyu da suka wuce. Kuma ka daina tura mata aiki in muna kan sola. Wutar da take zuƙa lokacin da take ɗumama kanta ta fi ƙarfin ɗan inbatan nan, kuka yake yi.

Intanet kuwa, ka cire rai. Na zare maka katin sadarwa gaba ɗaya, kuma ba mugunta ba ce. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta rufe fayilolin mutane a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin ya kai Microsoft ta fito da magani na musamman dominka, shekara 3 bayan ta sallame ka. Ba kullum za a yi maka wannan alfarmar ba. Haka ma filash ɗin kwastoma, ba ka ba shi. Ka san halinka, da an soka maka filash sai ka yi masa maraba hannu bibbiyu, can sai a ga foldojin mutum sun ɓace, gajerun hanyoyi na bogi sun maye gurbinsu. Linux zai karɓa ya tace tukuna. Kuma in ma wani abu ya same ka, na ɗauki hoton halin da kake ciki ranar da kake garau. Danna biyu zan yi ka koma ranar, ba ka tuna komai. Ni da ciwon baya ya fara taɓawa, wallahi har kishinka nake yi a wannan.

Ina so in yaba maka a kan abu guda. Ka san abin da ya faru a 2021? Ina fa za ka sani. Saboda matsalar tsaro, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da mu da Faskari da Sabuwa. Watanni muka yi babu kira, babu saƙo, mai son tura takarda sai ya hau mota ya nemi garin da ke da sabis. Duk manhajar da ba ta motsi sai ta gaisa da iyayenta ta intanet, zama ta yi ta naɗe hannu. Ku mutanen da kuwa ba ku san an yi ba, don direban Hajiya a faifan CD ya zo cikin kwalinta, bai taɓa neman izinin kowa ba. Takardar taron unguwa, jerin sunayen ɗalibai, katin ɗaurin aure, duk wanda ya kawo rubutun hannu aka buga masa. Fetur ɗin janareta ne ya ba mu wuya, amma wannan ba sashenka ba ne.

Kada yabon ya hau maka kai. Ka dubi sikana da ke gefen Hajiya: da can ita ma sai da kai, yanzu ta sauya sheƙa, domin wasu 'yan sa-kai sun rubuta mata direba a cikin wata manhaja mai suna SANE, Linux yana magana da ita kai tsaye. Ranar da wani mai haƙuri ya zauna ya warware yaren Hajiya haka, ka san sauran. Firintocin yanzu ma da yawa ba sa neman tafinta, harshe ɗaya suke yi da kowa mai suna IPP, har Microsoft ta sanar a 2023 cewa za ta janye hannu a hankali daga raba direbobin kamfanoni.

Kafin lokacin dai kasuwarka na ci. Wani abokin sana'a a Sabuwa yana da 'yar'uwar Hajiya a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta, wani kuma a Faskari na da injin buga katin shaida da ba ya jin kowa sai kai. Dukansu lambar lasisinka na nan manne a gindin tsofaffin kwamfutocinsu da suka mutu. Zan naɗe ka a fayil guda in zuba a filash, in ba direban motar Funtuwa. A aljihun gaba na ce ya sa ka, ban da wajen goro. In ka isa, ka gaishe su, kuma don Allah ka rage ƙarar kiɗan nan, shagon na Sabuwa jikin masallaci yake.

Naka mai biyayya, kuma mai ɗakin,
Mai shagon buga takardu.