Magarya Ba Ta Neman Alfarma

Duk shekara da hadari ya fara haɗowa, sai zazzaɓin dashe ya kama mu, tun daga Ƙaura Namoda har Shinkafi. Mu ruga wurin masu sayar da dashe mu kwaso abin da ƙasarmu ba ta san shi ba: tuffa, kwakwa, har da fiya. Mu haƙa rami, mu zuba taki, mu yi ta ɗura masa ruwan da muka saya hannun 'yan garuwa. Damina ta ɗauke wajen Oktoba, hunturu ya busa, zafin Afrilu ya zo ya ƙarasa aikin, in ma akuyar maƙwabci ba ta riga shi ba. Sai mu koma majalisa muna cewa baki ne ya kama shukar. Ni dai na ce ba baki ba ne, raini ne. Ga magarya can bayan gari, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya taɓa ba ta ko moɗa ɗaya, amma duk lokacin sanyi sai ta yi 'ya'ya.

Za a ce 'ya'yan ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka, abin yara da makiyaya. Haka ne, sai dai an daɗe da samo maganin wannan. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an ɗauko rassan magaryar Indiya, irin su Gola, aka aura wa tamu ta daji. Saiwa tamu ce mai jure fari, 'ya'ya nasu ne, manya masu ruwa, har a Nijar ake ce mata tuffar Sahel.

Za a ce ƙaya. Ai ƙayar nan ce mutumin Zurmi yake sarowa ya yi wa tuffarsa shinge, wato mai rai ake yanka don a yi gadin mai mutuwa. Wani kuma ya sassauta murya ya ce ganyenta fa na wankan gawa ne, ba ya son ganinta a tsakar gida. To, alawayyo ma da shi ake likkafani, ban ga wanda ya daina ɗinka farar riga ba.

Ƙorafi ɗaya ne ba ni da bakin musawa. Magarya mai aure tana son ban ruwa da shinge tun tana ƙarama, domin akuyar Shinkafi ba ta san ICRISAT ba.