Zuwa ga Bazazzagin da Ya Sauya wa Mota Ƙwaƙwalwa

Bawana na Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida. Ina yi wa ƙafafunka sannu, don na ji tun makon jiya su ne motarka.

Labari ya same ni a Kantin Kwari tun kafin a gama turo ta daga ƙarƙashin gadar Kwangila. An ce majiya ƙarfi huɗu ne suka tura, kai kana riƙe da sitiyari ta taga kana yi musu bayani da Turanci. Wanda ya ba ni labarin ya rantse har da "a kimiyyance" ka ce. Ban musa ba, na san halin gidanku. Tun da aka kafa muku jami'a a Samaru a 1962, ko akuya ce ta ɓata a Zariya sai an gabatar da maƙala a kanta.

Bari in yi maka adalci sau ɗaya a rayuwa: motar da ka saya mota ce. Golf GTI ƙirar 2007, injin lita 2 mai turbo, ƙarfin dawaki 200, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a cikin daƙiƙa 7 ko ƙasa da haka kaɗan. Kakarta ta 1976 dawaki 110 gare ta, kuma da su ta gigita Turai. Ranar da ka kawo ta Kano, baƙa wuluk da jan zare a hancinta, har na ji a raina ashe Bazazzagi ma yana iya yin abin kai. Da ka tsaya a nan, da yanzu kana cikin rufin asiri. Amma ina! Dawaki 200 sun yi maka kaɗan. Kai da ko ranar hawan Daushe aron doki kake yi, shi ma sai an riƙe maka linzami.

Ina wurin aka yi aikin, saboda haka kada ka ce sharrin Bakano ne. Wani yaro ne ya zo da kwamfuta a jakar goyo, ya durƙusa ta gefen direba, ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya soka waya a wata 'yar kafa mai ramuka 16, wadda makanikai ke karanta ciwon mota ta cikinta. Ya ce kowa ya yi shiru, kada a taɓa makulli, kada batir ya sauka, in ba haka ba ƙwaƙwalwar ta mutu murus. Muka yi tsit kamar masu jiran sakamakon tiyata. Wani shuɗin layi yana rarrafe a fuskar kwamfutar, kai kuma gumi yana bin wuyan kaftaninka. Bayan kamar minti 20 ya zare wayar, ya karkaɗe gwiwar wando, ya ce an gama "mataki na ɗaya", yanzu dawakinka sun kusa 250. Ko sifana bai taɓa ba, ko ɗigon baƙin mai babu a hannunsa, ya karɓi abin da makanikin unguwarmu ba ya samu a wata. Nan na gane na yi kuskuren sana'a.

Ka san abin da ya canza kuwa? Zauna in karantar da kai, ɗan birnin ilimi. Wannan akwatin ƙwaƙwalwa da makanikai ke kira birenbos, kamfanin Bosch ne ya ƙera shi, kuma abin da ke cikinsa jadawali ne: iska nawa turbo zai cusa, mai nawa za a fesa, a wane lokaci fulogi zai kyasta wuta. Shi turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, fiye da sau 100,000 a minti guda, yana danna iska cikin injin kamar zugazugin maƙera. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista tun 1905. Yaron naka ya ce wa zugazugi ya ƙara hurawa, ya ce wa fulogi ya riƙa kyastawa da wuri. Injiniyoyin Jamus da suka rubuta jadawalin farko sun san injin zai iya fin haka. Da gangan suka bar sarari, saboda sun san wata rana motar za ta faɗa hannun wanda zai sha gurɓataccen mai a ƙasa mai zafi ya kuma manta da juyen baƙin mai. Wato kai suka hango. Wannan sararin da aka bar maka don rufin asirinka, shi ka biya kuɗi aka share.

Ga inda abin ya fi ba ni dariya. Jadawalin da aka zuba maka daga intanet aka sauko da shi, an rubuta shi ne don fetur mai oktan 98, irin wanda ake sha a gidajen man Jamus. Buɗe murfin tankinka ka duba, ko kafin a taɓa ta 98 ɗin ta fi so, 95 kuwa haƙuri take yi da shi. Kai kuma da me kake shayar da ita? Da na gidan man da ka tarar babu layi, ranar da aka rufe kuma da na galan a bakin titi, wanda ya yini a rana ya canza launi kamar zoɓon da aka tsinka. Man da oktan ɗinsa ya gaza ba ya jiran umarni. Da an matse shi da zafi sai ragowarsa ta fashe da kanta, ta doki kan fistin. Wannan ƙaras-ƙaras ɗin da ka ce mini "muryar ƙarfi" ce, kukan injin ne. Akwai wani ɗan kunne manne a jikinsa da ke sauraron wannan ƙarar, da ya ji sai ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya don ceton fistin. Ka haɗa da zafin watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, iskar da za ta sanyaya abin da turbo ya matso ita kanta kamar daga bakin tanda take. Saboda haka da tsakar rana dawakin nan 50 da ka saya komawa barga suke yi. Da asuba kawai suke fitowa, lokacin kai kuma kana minshari.

Duk wannan da sauƙi, da ba ka manta giya ba.

Giyar motarka ba irin ta tasin Golf 3 da kuka saba cusa mutum bakwai ba ce. DSG ce, wadda Volkswagen ya fara sa wa Golf R32 a 2003. Kuloci biyu gare ta suna iyo a cikin mai, ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5 da ribas, ɗayan yana riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6. Kana tafiya a ta uku, ta huɗu ta riga ta shirya tana jira, kamar kishiyar da ta gama kwalliya tun kafin ranar girkinta ta zo. Shi ya sa canjin ba ya ɗaukar ƙiftawar ido. To ita ma tana da tata ƙwaƙwalwar daban, an kuma gina ta ne a kan ƙarfin murɗa na wajen 350, alhali injin daga masana'anta 280 yake bayarwa. Da aka zuga injin, ya kai wannan iyaka yana neman tsallakewa. Masu yin abin da hankali sukan gyara jadawalin giyar ita ma, a ƙara matsin man da ke damƙe kuloci. Yaron ya faɗa maka, da kunnena na ji. Ka tambayi kuɗin, ya faɗa, ka ce a bari sai an yi albashi. Mu ake wa gorin son kuɗi, amma ban taɓa ganin Bakanon da ya sayi ingarma ya ce linzami sai wata mai zuwa ba.

Man giyar nan ana juye shi duk kilomita 60,000, da matatarsa, kuma nasa na musamman ne. Na tambaye ka yaushe rabon a juye, ka ce ai daga Kwatano ta zo da mai "cike". Da ta fara fizga, wani mai gareji ya ɗura mata jan man giyar atomatik na gama-gari, ya ce duk mai mai ne. Ka yarda, kai mai digiri biyu.

Ban manta ranar da ka ɗauke ni gwaji a hanyar Zariya ba. Ka taka burki da ƙafar hagu, ka nutsa totur da ta dama, allura ta tsaya wajen 3,000 tana rawa, sannan ka saki burki. Hulata ta koma kujerar baya, kunun ayar da ke hannuna ya koma gaban rigata. Sau biyar ka maimaita kafin Kwanar Dangora, kowane sau kana kallona kana jiran yabo, ni kuwa ina ta salati. Duk wannan gudun, da muka iso wurin da ake aikin hanya, wata Sharon mai lodin albasa da muka wuce tun Kura ta zo ta tsaya a gefenmu, direban yana sakace. Kuma ko hanya ta yi kyau kamar tafin hannu, kilomita 100 jami'an kiyaye haɗura suka yarda da ita, ba babban titin Jamus ba ne da wasu sassansa ba su da iyaka.

Sai kuma harbe-harben salansa. Ka sa an fasa tukunyar tace hayaƙi, an kwashe abin nan da makanikai ke kira indomi, an saita mai ya riƙa ƙonewa a cikin bututu don ya yi tas-tas in ka ɗaga ƙafa. A wannan zamani da kowa ke kwana da kunne ɗaya! An ce ranar da ka gwada a Tudun Wada, mai shayi ya bar tukunyarsa, mai tsire ya bi shi, liman ya gajarta sura. Indomin kuwa da ka bar musu kyauta, akwai filatinam da wasu ƙarafa masu tsada a ciki, tuni an sayar. A Kano aka saya, in gaya maka, mun gode.

Yanzu ga ta a gareji an ɗora ta a kan duwatsu, haruffan giya suna ta ƙyafta ido a dashbod, an ce sai an sauke akwatin da ke sarrafa kulocin an nemo wani daga Legas. Ga fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin da ake aunawa da cokali. Kai kana ce wa zugazugin nan turbo, matarka kuwa na ji tabo take cewa, kuma ita ta fi ka iya furuci, don shi ya bari a asusun cefane.

Ranar Asabar ina tafe da Fijo 504 ɗin Baba, haɗin Kaduna, wadda ba ta da ƙwaƙwalwa ko ta sauro, kafireto ne da filatin sai ikon Allah. Akwai igiya a but. In ka ga dama in ja taka zuwa Ƙofar Ruwa a duba, in kuma ka gaji in saya a kilo. Ka tanadi kuɗin sharata na bara da na bana, kada ka ce yaron kwamfuta ya tafi da su. Kujerar baya za ka zauna, ta gaba ta hulata ce.