Wufa Ta Yi Gum, Ga Biki Jibi

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa, daga Dambatta zuwa Makoɗa har Kunchi ba abin da ake sai ɗaurin aure. Kai kuma mai ba da hayar sifika ka jawo wufarka daga bayan ƙyaure inda ta yi damina, ka kunna, ta yi gum kamar amarya a gaban uwar miji. To ɗan'uwa, ajiye takalmin nan da ka ɗaga. Duka ba ya gyara wufa, sai dai ya ƙarasa tsinke abin da ya fara saki.

Fara da cikinta, don sai ta ci wuta take magana. Sa cajar waya a soket ka tabbatar akwai wutar. In akwai amma fitilar bayanta ba ta kama ba, zare filogi ka duba fis. Yawanci yana cikin ɗan aljihu daidai inda wayar wuta ke shiga. In ya ƙone, nemo mai lamba iri ɗaya. Abokinka zai ce ka naɗe shi da takardar kwalin sigari. Ka gode masa, kada ka yi. Fis maigadi ne, ranar da ka sallame shi ɓarawo har ɗaka. In sabon ma ya ƙone nan take, ciwon yana can ciki.

Fitila ta kama amma shiru? Duba maɓallan baya, wataƙila autanka ya murɗe su. Sannan canja wayar da ke kawo sauti. In kuwa gurnani take ba kiɗa, zare wannan wayar: gurnani ya tsaya, wayar ce ko abin da ka jona, bai tsaya ba, sai a buɗe.

Nan ne ake ganin abin mamaki. Ramin da aka huda mata don iska, ɓera ɗaukarsa yake ƙofar gida. Na taɓa buɗe wata na tarar da ɓawon gyaɗa ya kusa cika tafi biyu, da tsumma an shimfiɗa, an gwaguye jar wayar sifika saura siriri. Zanzaro ma ya yi gininsa a gefe. Kiɗan da ake jin yana kaɗa-kaɗa kamar caki, ashe kayan ɗakin ɓera ne. Share, busa ƙurar hunturu, a liƙe wayar da dalma.

Sifikar kanta kuma, cire wayoyinta ka taɓa su a batirin tocila mai bolt 1.5. In ta yi ɗan tsalle da ƙara "ɗum", da ranta. Danna tsakiyarta a hankali da yatsu: in kana jin gurza kamar yashi, ga ƙauri, nannaɗin wayar ciki ya ƙone.

Wurin da nake roƙonka da Allah: waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allo, kafasito, suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. In ka ga kansu ya kumbura kamar fanke, su ne masu gurnanin, amma kada ka kai hannu. Aikin mai gyaran rediyo ne.

Ka kuma tambayi janaretanka, don sau da yawa shi ne mai laifi. Wufa bolt 230 take so. Tayar da inji, bari muryarsa ta daidaita, sannan ka jona. Ka kuma zare kafin mai ya ƙare, lokacin da yake shessheƙa yana hawa da sauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In abin ya gagara, ɗaure ta a babur, ka sa buhu a ƙasa saboda gargada, ranar Lahadi ka kai ta kasuwar Dambatta. In kayan gyara babu, sai Sabon Gari a Kano. Kafin ka dawo da ita bayan ƙyaure, toshe ramin nan da raga.