Yadda Za Ka Mayar Da Aikin Layi Uku Na Mako Guda

An ba ka sunayen ɗaliban makaranta daga rumbun bayanai, an ce ka zuba su cikin jeri a PHP, kowane ɗalibi da makullinsa, ta yadda da an kira makullin sai bayanansa su fito. Aikin layi uku ne da madaukin `foreach`. Amma duk wanda ya gama aiki kafin azahar, gobe biyu za a ba shi. Don haka bi a sannu.

Fara da zaɓen suna a matsayin makulli: `$dalibai[$d['suna']] = $d;`. Da wuya ka shiga aji a Kano ko Zinder ka rasa Aisha uku. Shi kuwa PHP, yaren da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, akwai kawaici. In ya ga makulli ya maimaitu ba ya cewa uffan, sai ya shafe na farko ya ɗora na baya. Aishar ƙarshe ta gaje kujerar takwarorinta tun suna raye, babu gargaɗi, babu jan rubutu a allo. Lambar rajista za ta raba wannan gardama nan take, shi ya sa ba za ka kusance ta ba.

Idan har yanzu ɗaliban sun yi maka yawa, ɗauki layin `$dalibai = [];` ka sa shi cikin madaukin maimakon samansa. Kowane zagaye zai share abin da ya gabata, kamar mai ɗebo ruwa yana kifar da tulun kafin ya zuba guga na gaba. Za a tashi da ɗalibi ɗaya tilo, kuma rahotonka zai buɗe da saurin da babu wanda ya taɓa gani.

Akwai kuma salon manya: `$dalibai[] = [$lamba => $suna];`. A ido kamar daidai. A zahiri ka ba kowane ɗalibi ɗan ƙaramin jerinsa, PHP kuma ya liƙa musu 0, 1, 2 daga waje. In oga ya nemi lamba 45, sai ya sami wanda ya zo na 46 a layi.

Inda daɗin yake shi ne abin da PHP ke yi wa makullai a ɓoye. Makulli iri biyu kawai ya sani, cikakkiyar lamba da rubutu, sauran duk sai ya lanƙwasa su. Ka ba shi rubutun "8", ya mayar da shi lamba 8. Ka ba shi "08", ya bar shi rubutu, don haka ɗalibi guda ya samu ɗakuna biyu. Ka ba shi 8.7, ya guntule wutsiyar ya ajiye 8. `true` ya zama 1. Duk ɗalibin da aka manta ba a rubuta wa lamba ba, `null` ɗinsa ya koma rubutu wayam, su taru su yi ta danne juna a gurbi ɗaya. Tun fitowar PHP 8.1 a 2021 ya fara gunaguni kan guntule wutsiyar nan. Kashe saƙonnin gargaɗi, ka huta da surutu.

Sai haɗa aji biyu. Yi amfani da `array_merge`, wanda ke zubar da makullan lamba ya sake ƙirga daga sifili. Alamar `+` tana barin su yadda suke, amma me za ka yi da sauran ranakun mako?

Abu ɗaya ne zai iya tona maka asiri. Tun 2013, a PHP 5.5, akwai `array_column($layuka, null, 'lamba')`, mai yin aikin nan duka a layi ɗaya ba tare da madauki ba. Idan sabon yaron da ya zo koyon aiki ya buɗe baki zai ambace shi a gaban oga, miƙa masa kuɗi ka ce ya je ya sayo man janareta.